Yadda za ka sa ɗaliban jami'a su buɗe baki su yi Ingilishi a aji

Wannan magana da 'yan uwana malamai nake, masu koyar da Ingilishi a jami'o'inmu na Nijar, tun daga Abdou Moumouni ta Yamai har na Maraɗi da Damagaram da Tawa, musamman wanda aka ɗora wa darasin magana, ko aka tura shi wajen 'yan shari'a ko 'yan likita ko 'yan aikin gona da Ingilishi ba shi ne asalin karatunsu ba. Yaron da ke zaune gabanka ya fara Ingilishi tun ajin farko na koleji, shekara 4 can, ya ƙara 3 a lise, bakwai kenan kafin ya ci bak, jarabawar gama lise, ya iso wajenka. Ka ce ya kawo maka jerin fi'ilan nan masu sauya kama, zai zubo su kamar hadda, go went gone, ba gargada. Amma ka ce ya faɗa maka abin da ya yi jiya da marece sai ka ga ya sunkuyar da kai yana murza biro. Ba daƙiƙi ba ne wallahi, yaron da ke jin Hausa da Zabarmanci da Faransanci, wani ma har da Larabci ko Barbarci ko Fulatanci, ta ina zai zama daƙiƙin harshe? Ba a taɓa ba bakinsa aiki ba ne kawai. Kuma yanzu abin ya wuce na ado, tunda kundin da hukumomi suka fitar a watan Maris na 2025 ya sa Hausa harshen ƙasa, ya sa Ingilishi da Faransanci harsunan aiki, ga Katsina nan kusa da Maraɗi, ga yaranmu na tafiya karatu Najeriya da Ghana da Indiya da Malesiya.

Kafin komai ka ɗauki biro ka yi wannan lissafin. A ce ɗalibai 80 gare ka, darasi awa 2, minti 120 kenan. Kai da bayani da rubutu a allo da kiran suna ka cinye minti 80, saura 40. In ɗaya bayan ɗaya kake tada su, kowa rabin minti ya samu, kuma ka san ba haka ake rabawa ba, mutum biyar ɗin nan na bencin gaba su ke kwashe rabon kowa. In an yi zama 12 a zango, ɗalibi ya yi Ingilishi na minti 6 kacal. To yanzu waɗannan minti 40 ɗin ka ce kowa ya juya ga na kusa da shi su yi magana su biyu, baki 40 na motsi lokaci guda, kowa ya tashi da minti 20 a zama ɗaya. Duk abin da zan faɗa a ƙasa daga wannan lissafin ya fito.

Wani zai ce ai in suna saurarenka kana zuba Ingilishi mai kyau za su ɗauka. Ji yana da amfani ƙwarai amma bai isa ba. Merrill Swain ta duba wannan a Kanada, yara masu jin Ingilishi a gida da ake koya wa duk darussa da Faransanci shekara da shekaru, fahimtarsu ta yi nisa sosai amma in suka zo magana sai ka ji kurakurai sun maƙale, shi ne a 1985 ta fito da bayanin cewa sai mutum ya matsa wa kansa ya haɗa jimla da bakinsa sannan yake gano inda iliminsa ya tsaya. Tun kafin nan ma Dell Hymes ya riga ya ce sanin harshe bai tsaya ga nahawu ba, har da sanin me za ka faɗa, wa za ka faɗa wa, a wane wuri, kuma daga irin wannan tunanin ne koyarwa ta hanyar sadarwa ta taso a shekarun 1970.

To amma fa kar ka shiga aji ka ce kowa ya juya ya yi hira da maƙwabcinsa a kan ɗumamar yanayi, ka koma kujera. Minti ɗaya ba za a yi ba za ka ji an koma Hausa ana labarin ƙwallo. Mutum ba ya magana sai da dalili, kuma dalilin da ya fi ƙarfi shi ne akwai abin da na sani kai ba ka sani ba kuma kana bukatarsa. Wani malami a kudancin Indiya, N. S. Prabhu, ya gwada wannan a makarantun Bangalore daga 1979, ya riƙa ba yara jadawalin jirgin ƙasa da taswira da makamantansu su warware matsala da Ingilishi, maimakon ya tsaya yana koya musu doka. Mu ma muna da namu kayan a ƙofar gida. Ga wanda nake so ka fara da shi. Ka shirya takarda iri biyu. Ta farko ta mai sayar da tikiti ce a tasha, ka rubuta motoci huɗu ko biyar masu tashi daga Maraɗi zuwa Yamai, kowace da lokacin tashinta da kuɗinta, wata tana tsayawa Ƙonni wata sai Dogon Dutsi ko Dosso, wata da sanyi wata babu, wata ta cika saura kujera ɗaya. Ta biyu ta matafiyi ce, an rubuta masa cewa yana da ganawa a Yamai ƙarfe kaza, kuɗinsa kaza ne, yana tare da tsohuwa mai ciwon ƙafa, kuma dole ya sauke saƙo a Ƙonni. Doka ɗaya ce, ba mai leƙa takardar wani, in da hali ma su juya wa juna baya kamar a waya suke. Dole matafiyi ya yi tambaya, dole mai tikiti ya amsa, in ba a gane ba dole a ce maimaita, a ƙarshe su rubuta wace mota aka zaɓa da dalili. In babu kuɗin fotokofi ka rubuta ta farko a allo, rabin aji su kwafa sauran sun juya baya, sannan ka goge ka rubuta ta biyu.

Abin da ke burge ni da wannan aikin shi ne kuɗi. Mu da dala muke ƙirga, dala ashirin sefa 100, dala ɗari sefa 500, jaka guda sefa 1000, to sai ka ga ɗalibi ya tsaya cak yana juya lissafi daga dala zuwa Faransanci daga nan zuwa Ingilishi, kuma a nan ne za ka ji thirteen da thirty sun rikice, fifteen da fifty sun zama abu ɗaya, matafiyi ya ji kamar an ce masa kuɗin mota jaka hamsin ya zaro ido ya ce what?! Wannan what ɗin da ya fito ba shiri, shi muke nema. Daga baya in ka tsaya koya musu inda ake danna murya a waɗannan lambobin za su saurara da kunne biyu don sun ga inda abin ya cuce su.

Kafin ka sake su ka ba su guzuri. Jimloli biyar ko shida a gefen allo waɗanda ba a gogewa duk zangon, irin su sorry, can you say that again, da what do you mean, da how do you say kaza in English, da let me think. Galibi abin da ke mayar da ɗalibi ga Hausa ko Faransanci ba rashin manyan kalmomi ba ne, a'a, ya kakare ne bai san yadda zai nemi agaji da Ingilishi ba. Sannan ka gwada aikin da ɗalibi ɗaya a gaban kowa su gani da ido, ya fi dogon bayani. Ka faɗi minti nawa ne, ka tsayar tun da sauran zafi, kar ka jira sai hira ta mutu. Kuma ni ban hana su yi shawara da Hausa ko Zabarmanci na minti biyu kafin a fara ba, su fahimci me ake so, amma da an ce bismilla to sai Ingilishi.

Yanzu maganar kunya, wadda ita ce babbar katangar a wajenmu. Mun taso an koya mana yaro ba ya yawan surutu gaban babba, ba ya kallon malam ido cikin ido, kuma wannan tarbiyya ce mai kyau, ban ce a rushe ta ba. Ga kuma dariyar abokai, wanda ya gwada lanƙwasa harshe a ce yana iyayi, wanda ya yi kuskure a maƙala masa suna har ya gama lisans, wato digirin farko. Ɗaliba mace kuwa nata ya ninka, amfi, wato babban ɗakin lacca, cike da maza ka ce ta miƙe ta yi magana da harshen da ba ta da tabbas a kansa, za ta gwammace ka ba ta sifili. Don haka kar ka fara da tsayar da mutum gaban jama'a. Ka ba da tambaya, kowa ya yi tunani shi kaɗai minti ɗaya har ya ɗan rubuta kalmomi, sannan ya faɗa wa na kusa da shi, sannan su haɗu su huɗu, sai a ƙarshe ka kira wani, kuma ko da ka kira shi ka ce ya faɗi abin da abokinsa ya ce, nauyin ya ragu tunda ba ra'ayinsa ake aunawa ba. Makonnin farko ka bar mata su zauna da mata in haka suka fi sakewa, za ka sha mamakin wadda ka ɗauka ba ta jin komai. Dariya kuwa ka kashe ta tun ranar farko, da fuska a ɗaure, ka ce a wannan ajin wanda ya yi kuskure ya fi wanda ya yi shiru maki, kuma ka cika alkawarin.

Sai kai kanka malam, ka koyi yin shiru. Wata mai bincike a Amurka, Mary Budd Rowe, ta auna ta ga malamai in sun yi tambaya da ƙyar suke jira daƙiƙa ɗaya kafin su amsa da kansu ko su tsallaka ga wani, kuma in aka ja jiran ya kai daƙiƙa 3 ko fiye amsoshi na ƙara tsawo, masu amsawa na ƙara yawa. Wannan da harshen da yaran suka iya ne fa, balle namu da sai ya bi ta harshe biyu kafin ya iso. Ka yi tambaya ka ƙirga biyar a zuci, shirun zai dame ka, ka daure.

Akwai wani atisaye da nake ganin duk mai koyar da magana ya kamata ya riƙe shi, ana ce masa 4/3/2, Paul Nation na New Zealand ya yi bincike a kansa a 1989. Ɗalibi zai zaɓi abin da ya sani sarai, yadda ake bikin aure a garinsu, ko ranar da ya fara zuwa Yamai, ko yadda ake noman gero daga shuka zuwa girbi, ya ba abokinsa labari cikin minti 4 ba a katse shi ba. Sai ya sauya mai sauraro ya sake ba da labarin nan dai cikin minti 3, sai ya sake sauyawa ya ba da shi cikin minti 2. Zagaye na farko za ka ji eee da yawa da tsaye-tsaye, na uku kuwa maganar ta miƙe, don ba ya neman abin faɗa kuma, harshe kawai yake saki. A amfi mai bencuna a kafe, layi na ɗaya ya juyo ya fuskanci na biyu, na uku ya fuskanci na huɗu, in lokaci ya cika masu sauraro su gusa kujera ɗaya. In 'yan shekarar farko ne masu rauni ka rage ya zama minti 2, ɗaya da rabi, ɗaya. Sharaɗin dai kar ka kawo sabon batu mai wuya a nan, wannan ba wajen koyon sabon abu ba ne, wajen saurin amfani da abin da ke hannu ne.

Gyaran kuskure shi ne inda muka fi ɓata aiki da kyakkyawar niyya. Yaro ya tattaro ƙarfin hali ya ce I have twenty years, kafin ya rufe baki ka dira masa, shikenan ba zai ƙara ba sai baɗi. Alhali kuskuren ma da dalilinsa, da Hausa ina da shekara ashirin muke cewa, da Faransanci ma haka ginin yake, harsuna biyu ne suka taru suka tura shi. In ana cikin aikin hira ka zagaya da 'yar takarda kana saurare kana rubutawa, kar ka tsoma baki sai in magana ta tsaya cik. In an gama ka zaɓi jimloli biyar ko shida da suka fi yawo, ka rubuta a allo ba suna, ka haɗa da biyu masu kyau da ka ji, ka ce su biyu-biyu su gano wacce ce daidai wacce ke son gyara. In kuma lokacin koyon wata doka ne takamaimai, a nan gyara nan take ya halatta, amma ka lura da yadda kake yi. Lyster da Ranta sun shiga azuzuwa a yankin Montreal sun buga sakamakon a 1997, suka ga abin da malamai suka fi yi shi ne maimaita jimlar yaro a gyare su wuce, kuma shi ne wanda yara suka fi kasa lura da shi, sai su ɗauka malam ya yarda da su ne. Wanda ya fi kamawa shi ne ka ba shi alama ya gyara da kansa, ya ce yesterday I go, kai kuma ka ɗaga gira ka ce yesterday? ka jira. Sau da yawa ya san amsar.

Lafazi ba sai na ja ba. Kar ka ɓata zango kana so su zama 'yan Landan, yawancin waɗanda za su yi Ingilishi da su 'yan Najeriya ne da 'yan Ghana da Indiyawa da 'yan Sin da Turkawa. Jennifer Jenkins ta nuna tun 2000 cewa tsakanin irin waɗannan masu magana sautin th ɗin nan da muke wahalar da yara a kansa ba ya cika hana fahimta. Abin da ke hanawa shi za ka bi, p da f da ke cakuɗe wa Bahaushe har pull ya zama full, b da v, dogon wasali da gajere kamar ship da sheep, da h ɗin da Faransanci ya koya musu haɗiyewa har hungry ta koma angry. Minti biyar a kowane zama ya wadatar, ɗaya ya faɗi kalma ɗaya ya nuna wacce ya ji. Ka kuma ja kunnensu kan kalmomin da suka yi kama da na Faransanci amma ma'ana ta bambanta, irin actually da library da assist, don suna shiga bakinsu ba sallama.

Batutuwan hira kuwa ka ɗebo daga karatunsu da rayuwarsu. 'Yan likita su yi likita da majinyaci, ɗaya riƙe da alamomin zazzaɓin cizon sauro a takarda ɗaya yana tambaya har ya gano. 'Yan aikin gona su yi wa baƙon wata ƙungiya bayanin yadda ake tsare tsiron gawo a gona da amfaninsa ga ƙasa. 'Yan tattalin arziki su yi cinikin buhun wake da ɗan kasuwar da ya zo daga Legas ba ya jin Hausa, har da canjin naira da sefa. Mutum in ya san abu ya fi ka, bakinsa na buɗewa, kuma ɗan ƙauyen da ya fi kowa shiru a aji ranar da aka zo maganar gona shi ne malami.

Ajin zai yi ƙara, wannan ba makawa. Ka je ka sami malamin da ke ɗakin kusa da shugaban sashe tun kafin a kawo ƙararka, ka gaya musu abin da kake yi. Ka kuma yi alama ɗaya ta tsayawa, ka ɗaga hannu, duk wanda ya gani ya yi shiru ya ɗaga nasa, ya fi ka tsaya kana buga tebur har muryarka ta dushe.

Awa 2 a mako ba ta isa komai ba, to ga waya a hannun kusan kowa. Ka raba su rukuni na mutum takwas ko goma a WhatsApp, kowane mako tambaya ɗaya, kowa ya turo saƙon murya na minti ɗaya kuma ya amsa wa mutum ɗaya da murya. Saƙon murya ba ya cin data sosai, kuma mai kunya na iya gogewa ya sake har sau biyar kafin ya tura, wannan sakewar ma ai atisaye ce. Wanda ba shi da babbar waya ya ari ta abokinsa. Ba sai ka saurari duka ba, ka ɗauki rukuni biyu kowane mako kana juyawa. Masu son ƙarin ji ka nuna musu shirye-shiryen BBC Learning English, gajeru ne, mutum ɗaya ya sauke ya tura wa saura.

Na bar jarabawa a ƙarshe don in ba ka taɓa ta ba duk na sama zai rushe. Ɗalibi ba wawa ba ne, in ya ga makin zango duk daga cike gurbi a takarda yake fitowa, to zai ɗauki hirar aji wasan yara, ranar ma ba zai zo ba. Ka nemi a ware wa magana kaso na gaske cikin maki 20 ɗin nan, ka faɗa musu tun makon farko. Ka riƙa shigar da su biyu-biyu, minti 5 kowane biyu, ka ba su aiki irin wanda suka saba a aji, mutum 80 zai ci maka wajen awa 3 da rabi, ka raba kwana biyu. Jarabawar IELTS ta gwajin Ingilishi da wasunsu za su zauna in za su fita waje, ɓangaren maganarta minti 11 zuwa 14 ne gaba da gaba da mai jarabawa, har da inda ake ba ka minti 1 ka shirya ka yi magana ta minti 2 kai kaɗai, to gara su ɗanɗana irinta a gida. Rabon makin da nake ba da shawara, in ka auna ita jarabawar maganar a kan 20, 8 ga isar da saƙo da amsa abin da aka tambaya, 5 ga tafiyar magana ba yawan kakarewa, 4 ga lafazin da ake ganewa, 3 ga nahawu. Ka manna wannan rabon a allo kowa ya kwafa, kuma ranar jarabawa ka aje wayarka a kan tebur tana ɗaukar murya da saninsu, don in wani ya zo ƙorafin maki ku zauna ku saurara tare ka nuna masa inda ya samu da inda ya rasa.